Kalma Ɗaya Da Ta Rage Wa Kawu

Na Allah ne mu duka, kuma Ya karɓi Kawu ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan shinkafa.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. In na ce rabin Haɗeja ta zo, to na rage. Mahauta sun zo a ayari, ƙaurin babbaka na riga su isowa. Fulani sun zo daga wajen Guri, rabin hanya a kwalekwale, rabi a kan babur. Manoman Auyo sun bar lauje a gona sun zo da laka har ƙwauri. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Sai kuma ya matso kusa da kunnena ya rage murya.

"Ya samu cikawa da kalmar?"

Ba kasafai ake yi wa masu makoki wannan tambayar kai tsaye ba. Amma duk garin an san halin da Kawu ya shiga, an kuma san ni ne a gefensa. Kowa na ce masa, "Ya samu." Wasu suka yi hamdala. Wasu suka dube ni suka kau da kai. Wani tsohon mahauci, aminin Kawu tun suna samari, shi bai ɓoye ba.

"Ganga," ya ce, don sunan da Kawu ya liƙa mini ke nan saboda surutu, "ba kai ne ka ce ka ga tarwaɗar da ta haɗiye fitilar masunci a Auyo, tana yawo a ruwa cikinta na haske ba? Kawo mini wani shaidan."

Ban ji haushi ba. Ni na shuka abina. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan tun yanzu, kafin bakina ya fara yi masa ƙari.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Mahauci ne, amma ba na tsoka ba. Shi kai da ƙafa ya riƙe. Tun ban iya ɗaure wando ba nake ganinsa a rumfarsa, kututture a gabansa, gatari a dama, yana sara yana zikiri, sara ɗaya gaɓa ɗaya, har ba ka sanin ko gatarin ne ke bin zikirin ko zikirin ne ke bin gatarin. Kowa na iya fasa kan rago. Abin da ya bambanta Kawu shi ne yana fasawa ya ɗago ƙwaƙwalwar a tafinsa ba ta ko ƙwarzane ba, kamar an ajiye masa ita a faranti.

"Ganga," zai ce, "zo ka ga abin da ba ka da shi."

Sai in je. Ya nuna mini ɓari biyu ce, kamar goro, da wata gada fara a tsakani da ta haɗa su. Ya bi lanƙwashe-lanƙwashenta da bakin wuƙa ya ce Allah Ya ninke ta ne don babban abu ya shiga ƙaramin wuri, yadda Iya, matarsa, ke cusa zannuwa goma a akwati ɗaya. Ya juya ta ya nuna wata 'yar ƙarama a wajen ƙeya, mai siraran layuka, ya ce dabbar da wannan ta lalace mata tangaɗi take yi, ƙafafunta lafiya lau amma ba su jin maganar juna. Sannan ya kama wani ɗan kara da ya sauko daga ƙasanta ya shige cikin laka.

"Nan numfashi yake. Nan in aka taɓa, ba sai an kira kowa ba."

Bai taɓa zama a aji ba. Raguna ne malamansa. Fulani kan kawo masa tunkiyar da ke ta zagaye wuri ɗaya ba ta bin garke. Sai ya tsuguna ya dube ta, ya kaɗa hannu ta wannan idon, ya kaɗa ta wancan, ya ce, "Idon dama ba ya gani. Jakar tana hagu." A yanka, ya fasa, sai ga wata 'yar jaka cike da ruwa a ɓarin hagu, daidai inda ya ɗora yatsa. Ya sha gaya mini cewa aikin a giciye yake: ɓarin hagu ke tuƙa dama, na dama ke tuƙa hagu. Na ce me ya sa? Ya ce in na mutu in tambaya.

In abu ya burge shi, "Shege!" yake cewa. In abu ya ɓata masa rai, "Shege!" In ƙashi ya yi gardama, in rago ya yi kitse, in na kawo labarin da ya fi ƙarfin kunnensa, duk kalmar ke nan. Iya ta yi faɗa har ta gaji. Ya ce gishirin bakin mahauta ne.

A wajen zaman makokin nan akwai wata Bafulatana da ta manyanta, ta shiga cikin gida da ƙwaryar nono a ka, ta ajiye, ta yi kuka fiye da wasu dangi. Matasan gidan ba su san ta ba. Ni na san ta. Tana amarya farfaɗiya ta taɓa kayar da ita a tsakiyar kasuwa, ƙwaryarta ta kife rabi. Jama'a suka watse kamar an saki kura, kowa na cewa kada yawunta ya taɓa shi ya ɗauka. Kawu ya ajiye gatari, ya tuɓe rigarsa ya ninke ya sa mata a ƙarƙashin kai, ya juya ta gefe. Wani ya zo da cokali zai cusa mata a baki, Kawu ya buge hannunsa.

"Ba a ɗauka! A kai abin yake, kamar wayar wuta ta haɗu. Yanzu zai sake ta."

Ya kuwa sake ta. Da ta farfaɗo tana ta sunkuyar da kai don kunya, sai Kawu ya ɗauki ƙwaryar, ya kafa kai ya shanye sauran nonon a gaban kowa, ya goge gemu. Mako guda mutane suna kewaye rumfarsa. Iya ma ta ware masa kwano. Ya ce ba komai, dama ya gaji da wawaso. Ita kuwa matar ta ci gaba da tallanta a kasuwar, don an ga wanda ya sha bai faɗi ba.

Amma in faɗi gaskiya a kan mamaci: mutumin da ya san kan kowane rago a ƙasar Haɗeja bai kula da nasa ba. 'Yarsa, taubashiyata, nas ce a garin Malam Madori. Ta auna shi ta ce jininsa ya hau, ta kawo ƙwayoyi. Ya sha kwana uku ya ce ya warke, ya zuba sauran a gwangwanin allura. Ta yi magiya, ta yi kuka, ta haɗa shi da ni. Ni kuma a lokacin nawa ƙwayoyin suna aljihun wata rigar da na manta inda na rataye.

Wata safiya gatarin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, ya bi shi ƙasa.

Da aka kawo shi gida, hannun dama da ƙafar dama sun saki, baki ya karkace. Iya ta ce iska ce ta buge shi a hanyar kogi. Ta sa turare, ta aika aka kira wanzami ya kafa ƙaho a kan hannun da ya mutu, daga kafaɗa har wuyan hannu. Kawu yana kwance yana kallonsu, idonsa kamar zai faɗo. Sai ya ɗaga hannun hagu ya fara marin gefen kansa na hagu.

"Hula yake so," in ji Iya. Aka kawo hula, ya yi jifa da ita.

"Ciwon kai ne." Aka ɗaure masa kai da ɗankwali, ya fizge.

"Aski yake nema," in ji wanzami, har ya fara wasa aska.

A nan ne Kawu ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya buɗe baki, muka yi tsit muna jiran wasiyya.

"Shege!"

Ni ina bakin ƙofa, sai tunkiyar nan mai zagaye ta faɗo mini a rai. Na ce, "Iya, ku bar hannun nan. Cewa yake ɓarnar tana kai, ɓarin hagu." Kawu ya nuna ni da yatsa yana gyaɗa kai, hawaye na bin gefen da ya karkace. Tun da aka haife ni ranar ce ya fara yarda ina da abin nan da ya ce ba ni da shi.

Taubashiyata ta iso a kan babur ko mayafi ba ta daidaita ba. Ta cire ƙahonnin da hannunta, suka yi ta da Iya, uwa na cewa an raina ta, 'ya na cewa an ɓata lokaci. Muka kai shi asibiti, daga can aka tura mu Kano aka ɗauki hoton kansa. Likita ya ɗaga hoton a haske zai fara bayani, sai Kawu ya miƙa hannu ya dangwala yatsa a kan wani tabo. Likitan ya dube shi, ya dube mu.

"Baba likita ne?"

Na ce, "Na raguna."

Likitan ya ce jini ne ya toshe a wata jijiya, wurin da take shayarwa ya mutu, kuma wurin nan shi ne inda ake ƙera magana kafin ta sauko baki. Inda ake fahimta bai taɓu sosai ba, shi ya sa yana jin duk abin da muke faɗa. Na ce to ita wannan kalmar ta ina take bi? Ya yi dariya ya ce zagi da irin maganar da ke fita ba shiri ba tare suke kwana da sauran magana ba, suna can ƙasa wajen fushi da mamaki, gobarar ba ta kai ɗakinsu ba. Ya ƙara da cewa wurin da ya mutu ba ya dawowa, amma ƙwaƙwalwa takan koya wa maƙwabta aikin, in an dage mata.

Muka dawo Haɗeja da Kawu da kalmarsa ɗaya. Da ita yake neman ruwa, da ita yake godiya. Liman ya zo dubiya ya yi doguwar addu'a, muka shafa, Kawu ya kama hannunsa da ladabi, ya dube shi ido cikin ido, ya ba shi ita. Liman ya ce, "Amin, Alhaji, amin." Ni na fita waje na kwanta a ƙasa don dariya. Wata guda ina ba da labarin nan a teburin mai shayi, kullum yana ƙara tsawo.

Dariyar ta ƙare ranar da wani maƙwabcinsa ya rasu. Na goya Kawu a babur muka je gaisuwa. Ɗan mamacin yana ta faɗa wa mutane cewa mahaifinsa ya cika da kalmar shahada a bakinsa, kowa na cewa ya dace. Da muka dawo Kawu ya ƙi abinci. Ya zauna ya fuskanci gabas, ya ɗaga manuniyarsa ta hagu, ya buɗe baki. Na ga wuyansa yana kumbura, leɓɓansa na neman hanya. Abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa. Ya sake. Ita dai. Ya sake har sau bakwai, sannan ya kifa kai a gwiwa yana kuka irin na manya, wanda ba sauti.

Sai na gane. Kawu ba mutuwa yake tsoro ba. Tsoronsa kada ta zo ta same shi da wannan kalmar a baki.

Na je na ɗauko Liman. Ya zauna ya yi masa nasiha mai daɗi: Allah zuciya Yake dubawa, Shi Ya karɓi harshen, ba zai tambaye shi abin da Ya karɓe ba, yatsan ma ya wadatar. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai, ya kama harshensa da yatsu biyu ya jawo shi waje ya nuna wa Liman, sannan ya daki tabarma. Liman ya ce, "Alhaji, wannan taurin kai ne." Kawu ya amsa masa da abin da yake da shi. Sun yi mako biyu ba sa ga maciji, wanda a sanina shi ne faɗa mafi tsawo da aka taɓa yi da kalma ɗaya.

Hanyar ta buɗe ne inda ba mu nema ba. Zaman gida ya ishe shi, sai na kai shi rumfarsa ya sha ƙauri. Tsohon amininsa yana sara a kan kututturen Kawu. Kawu ya matsa ya ɗora tafin hagu a gefen itacen, ya fara bugawa tare da gatarin. Sai na ji yana gunji a maƙogwaro, muryar zikirin nan nasa na aiki. Bugu, bugu, bugu. A cikin gunjin sai ga "laa", sai ga "ilaa". Gatari ya tsaya a sama. Kawu ma ya tsaya, ya zaro ido, ya nemi ya maimaita ba bugu, ba ta fito ba. Ya koma bugu da rerawa, ta leƙo.

Na kira taubashiyata a waya ina ihu. Ta ce, "Bawana, rage murya, kunnena ɗaya ne ya rage." Sannan ta ce ta taɓa jin haka: rerawa da kiɗa ba hanyar magana suke bi ba, sun fi jingina da ɓarin dama, shi kuwa nasa lafiya lau. Ta ce a kawo kututturen gida.

Mutum huɗu suka ɗauko shi, ni ina ba da umarni. Iya ta ce ba za a shigo mata da itace mai ƙarni tsakar gida ba. Kawu ya dube ta kawai. Aka ajiye shi a gindin darbejiya.

Daga ranar, kullum bayan an karya, kafin in buɗe shagona na gyaran injin ban-ruwa, ina wurin. Shi yana bugu da hagu, ni ina ja masa, yana bi. Taubashiyata ta kafa mini doka ɗaya: kada in ƙarasa masa kalma, in bar shi ya nemo abinsa. Jama'a, ni Ganga, a ce in ga kalma tana lilo a bakin mutum in yi shiru! Na ciji leɓe har ya yi kanta. "Illa" kaɗai ta cinye mana damina guda. In ta ƙi fitowa sai tsohuwar ta yi tsalle ta fito a madadinta, ya daki kututturen, mu koma farko.

Na taɓa gajiya, ba zan ɓoye ba. Shekarar da ruwa ya cinye mini shinkafa, injuna suka taru a shago, na yi kwana huɗu ban je ba. Na ce a raina ai Liman ya faɗa, yatsa ya isa. A rana ta biyar ina kwance ƙarƙashin wani inji sai na ji ana dukan ƙofar shagon, bugu, bugu, bugu. Kawu ne. Ya jawo ƙafar nan tun daga gida, tafiyar da mai lafiya ke yi a ɗan lokaci shi ya kwashe safiya guda, rigarsa sharkaf da gumi, gwiwarsa ta ƙuje inda ya faɗi. Bai zage ni ba, ko da yake yana da kayan aikin. Ya zauna a kan galan ya ɗora hannu a benci ya jira in ja. Ban ƙara fashi ba.

Ran nan na kai shi bakin gonata ya ga ɓarna. Ciyawar kacalla ta toshe tsohuwar hanyar ruwa ƙam, ruwan ya je ya haƙa wata ta bayan gonar ya wuce abinsa. Kawu ya daɗe yana kallo. Ya nuna toshewar, ya nuna gefen kansa na hagu. Ya nuna sabuwar hanyar, ya nuna dama. Ya yi dariya da rabin baki.

Rani biyu da damina biyu muka yi. Sauran magana ba ta dawo ba, sai 'yan tsiraru: "ruwa", "to", da sunan Iya, wanda ranar da ya fito ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Amma kalmar shahada ta zauna daram, daga farko har ƙarshe, muddin hannunsa na bugu. Liman ya zo ya ji da kunnensa, ya ce ya janye maganar taurin kai. Ya kuma koya mana cewa in lokaci ya yi, mutum ya faɗe ta, a ƙyale shi kada a sa shi wata magana, don ita ake so ta zama ta ƙarshe.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi. Ranar Talatar da hantsi mu uku ne a ɗakin: Iya a wajen kansa, taubashiyata riƙe da hannun dama, ni a bakin gado. Numfashi ya fara yin nisa. Ya laluba da hagu yana neman itacensa, babu, sai ya samu gwiwata. Ya fara bugu, a hankali. Na buɗe baki in ja masa, sai na tarar ba ni da murya. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, ran nan na rasa. Kawu bai jira ni ba. Shi kaɗai ya ɗauko ta, gaɓa bayan gaɓa, bugu bayan bugu, har ya ajiye ta a inda take ƙarewa, ba tuntuɓe ko ɗaya.

Iya ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, na zabura zan gyara zama, na yi fatali da butar da ke gefen gado, na kuma zauna da dukan nauyina a kan ƙafarsa mai lafiya.

Na ga idonsa ya buɗe. Na ga leɓɓansa sun tsuke sun turo gaba. Na san wannan tsukewar, na fi kowa saninta a duniya. Tsohuwar kalmar ce ta taso, kuma ni na taso ta.

Sai hannun hagun nan ya bar gwiwata ya haura ya rufe bakinsa. Ya danne. Jijiyoyin hannun suka miƙe kamar yana riƙe da gatari. Yana kallona ta saman yatsunsa, kuma wallahi akwai dariya a idon, akwai kuma abin da zai gaya mini in mun haɗu. Ba wanda ya motsa. Ya riƙe kamar tsawon tafasar shayi. Sannan hannun ya saki a hankali ya zame kan ƙirjinsa, bakin a rufe.

Haka na ba tsohon amininsa labari a kan tabarma, rana ta uku. Ya ce bai ƙi ba, amma har yanzu bakin Ganga ne. Sai muryar taubashiyata ta fito daga zaure, ashe tana ji.

"Baba, ina wurin. Wannan karon bawana bai ƙara komai ba. Ya ma rage, don bai faɗi irin kukan da ya yi ba."

Tsohon ya kalli ƙasa. Ya girgiza kai a hankali, irin girgizar da mahauta ke yi in sun ga aikin gwani.

"Shege," ya ce. Sai ya kama bakinsa. "Astagfirullah. Allah Ya jiƙanka, abokina."

Na nemo rigar nan, ƙwayoyina yanzu suna kusa da buta, ina sha kullum. Kututturen kuma ba zai zauna a gindin darbejiya ba. Ɗaya daga cikin Fulanin da suka zo gaisuwa ya ja ni gefe ya ce yayansa na kwance a wajen Guri, ɓarin dama ya saki, baki ya ɗauke. Na ce su fara kai shi asibiti, sannan ranar Asabar su jira ni a bakin ruwa da kwalekwale mai ƙarfi, don itacen yana da nauyi, ni ma haka.

Ya Allah, Kawu ya kawo Maka ita da harshensa, da guminsa. Ka karɓa, Ka yafe masa sauran, Ka shimfiɗa masa kabarinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka ba mu ita a baki, Ka ba mu hannun da zai tsare ta.